Wuridin Safe da Agogon Masana'anta



Abin da wannan lacca za ta duba shi ne wani ɗan lokaci ƙanƙane, watau tsakanin sallame sallar Asuba da fitowar rana, da kuma irin faman da ma'aikacin birni yake yi don kada ya kuɓuce masa. An ɗauki Kudenda a matsayin misali, unguwar nan ta masana'antu da ke kudancin kogin Kaduna, maƙwabciyar Nasarawa da Kakuri, domin a irin wannan wuri ne aka fi ganin yadda agogo yake shiga tsakanin mutum da safiyarsa.

Zaman shiru bayan Asuba daɗaɗɗen abu ne. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe kashi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin don tsara wuridai na dare da rana, ya kuma fara da wannan lokaci, inda ya kasa aikinsa huɗu: addu'a, da zikiri, da karatun Alƙur'ani, da tunani. A ƙasar Hausa kuwa ɗariƙu ne suka ba abin ƙa'ida. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Baƙadire ne, mai wuridi. Tijjaniyya ta samu shiga bayan zaman da Alhaji Umaru Futi ya yi a Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Bello, sa'an nan ta bunƙasa ƙwarai bayan haɗuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a aikin hajjin 1937.

Ya kamata a tsaya kan lazimin Tijjaniyya, domin tsarinsa ya fi fitowa fili. Muridi zai yi alwala, ya nemi wuri mai tsarki, ya zauna yana fuskantar alƙibla, ya ja istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Ba ya magana da kowa sai bisa larura. Carbi ne ke riƙe masa lissafi, don kada zuciya ta shagala da ƙidaya. Duka abin bai cika wuce sulusin awa ba. Amma hikimar tana wajen lokaci: wuridin safe ana son a yi shi daga bayan Asuba zuwa hantsi, wanda uzuri ya riƙe yana da dama har zuwa Magariba, an kuma yarda a gabatar da shi tun da dare. Wanda ya rasa shi ɗungum sai ya rama, kamar bashi. Watau an gina shi ƙarami da gangan, an kuma toshe wa mai shi ƙofar cewa yau ba hali.

Wannan sauƙi ne ya cece shi sa'ad da masana'antu suka zo. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri cikin 1957, ta United Nigerian Textiles ta biyo baya a 1964, daga baya ma'aikatu suka bazu har Kudenda. Injin saƙa ba ya barci, saboda haka aka raba ma'aikata kashi-kashi, wasu safe, wasu rana, wasu kwana. Manomi yana auna safiyarsa da rana, shi kuwa ma'aikaci jiniya ce ke auna masa, in ya makara a yanke albashi. Mai aikin safe sai ya gabatar da wuridinsa tun da dare, mai aikin kwana ya yi nasa da hantsi bayan ya sauka, da gyangyaɗi da komai.

Ba kowa ne ya yarda da wannan hanya ba, kuma a garin Kaduna ne musun ya fi zafi. Shehu Abubakar Gumi ya soki ɗariƙu a karatunsa na masallacin Sultan Bello da kuma littafin da ya fitar a 1972, aka kafa ƙungiyar Izala a Jos cikin 1978. Sai dai abin lura, gardamar a kan lafuzza ce da asalinsu da izinin shehi. Ba wanda ya ce a daina zama bayan Asuba. Ɗan Izala ma yana da azkar ɗinsa na safe. Haka kuma Kiristocin Kudenda, waɗanda suke da yawa a unguwar, da dama sukan fara yini da karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a kafin kowa ya fita.

Likitocin Amurka sun iso wannan fage a makare. A 1975 Dokta Herbert Benson na Jami'ar Harvard ya wallafa littafi inda ya nuna cewa zama a wuri shiru, da maimaita kalma guda, da komowa kanta cikin natsuwa duk sa'ad da zuciya ta yi yawo, yana rage saurin bugun zuciya da na numfashi. Duk mai wuridi zai gane siffar abin. Amma kuskure ne a ce ai ɗaya suke. Benson lafiyar jiki yake nema wa majiyyaci, muridi kuwa Ubangijinsa yake nema, natsuwar jiki gyara ce da aka ɗora masa a kan ciniki. Wanda ya ɗauki carbi don hawan jini kaɗai, da wuya ya riƙe shi bayan ya ji sauƙi.

Masaƙar Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida. Da jiniya ce abokiyar gābar wuridi, da sai a ce ya huta. Ba haka aka gani ba. Tsohon ma'aikaci da ya koma jan Keke Napep ko ƙaramin kasuwanci ya fi da buƙatar sammako, domin yanzu ba albashi, abin da ya samu yau shi iyali za su ci. Ga kuma wayar hannu, wadda take kwana kusa da matashin kai. Jiniya daga waje take kira, sau ɗaya, a lokacin da kowa ya sani, kuma malamai sun sami fatawar da za a kauce mata. Waya kuwa a kan buzu take samun mutum, sau da yawa ma a cikinta yake karanta azkar ɗin, saƙo ya faɗo masa yana tsakiyar istigfari.