Faɗuwar Gaba da Bugun Zuciya: Jawabi ga Jama'ar Ƙasar Yauri

Maganarmu ta yau a kan wani abu ce wanda kusan kowa ya taɓa ji a jikinsa, watau faɗuwar gaba. Mutum yana zaune lafiya lau, ko kuwa ya kwanta da dare, sai ya ji kamar zuciyarsa ta tsaya, sa'an nan ta buga da ƙarfi sau ɗaya. Waɗansu su kan ce mugun labari ne ke tafe, waɗansu su ce iska ce ko sammu. Likitoci kuwa sun auna abin, sun ga yadda ya ke.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama a ke ba da umurnin bugu, sau 60 zuwa 100 cikin minti ɗaya in mutum yana hutawa, wajen sau 100,000 ke nan a yini da kwana. Duk wanda ya taɓa kallon tseren jirage ranar Rigata a Yauri ya san matuƙa tare su ke tsoma filafili. In ɗaya ya riga sauran, jirgin ya kan yi ɗan tangaɗi kafin su daidaita. To, haka ɗakin ƙasa ya kan yi wani lokaci, ya matsa tun bai cika da jini ba. Wannan bugu ba shi da ƙarfi, sau da yawa ba a jinsa. Daga nan zuciya ta ɗan dakata, jini ya taru fiye da kullum, bugun da ya biyo baya ya zo da nauyi. Shi ne mu ke ji, mu ce gabanmu ya faɗi. Ga mai lafiyayyar zuciya, in jefi-jefi ne, ba abin tsoro ba ne.

Abubuwan da ke tsokano shi galibinsu muna tare da su kullum. Goro, da shayi mai kauri, da kofi, da lemon gwangwani na ƙara kuzari, duk sinadari ɗaya ke cikinsu mai hana barci. A 2023 likitoci a Amurka sun wallafa gwajin da suka yi wa mutum 100, suka ga ranar da suka sha kofi irin wannan bugu ya kai kamar 154, ranar da ba su sha ba kuwa kamar 102. Ba a ce kowa ya bar goro ba, gama jiki ya bambanta. Amma masuncin da ya kwana bisa ruwa yana ɓara goro yana zuƙar taba don kada ya yi gyangyaɗi, ya haɗa wa zuciyarsa abu uku, da goron, da tabar, da rashin barcin. Giya ma haka, da ƙwayoyin da samari ke sha don su jure aiki. Har maganin mura da na fuka su kan sa wa waɗansu. Damuwa da tsoro kuwa ba sai an faɗa ba.

Akwai kuma waɗansu irin gishiri cikin jini, fotasiyam da magnisiyam, waɗanda zuciya ba ta tafiya daidai sai da su. Zawo da amai su kan zubar da su, haka zufa mai yawa, haka ƙwayar sa fitsari da a ke ba masu hawan jini. Mai noman albasa a fadama cikin zafin Maris da Afrilu lalle ya kula da shan ruwa, ya kuma riƙa cin wake, da gyaɗa, da dankali, da ayaba, da ganye irin su zogale da alayyafo. In zawo ya kama, a nemi garin gishiri da sukari na ƙunshi wanda a ke samu a asibiti. Kada wani ya ce kanwa za ta maye gurbin. Gishirin kanwa dangin na miya ne, yawansa hawan jini ya ke ƙarawa.

Mu da ke bakin ruwa muna da wani dalili namu na musamman. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya kwanta ya zama tafki, ruwa mai kwanciya kuwa shi ne gidan sauro da na katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa jini, tsargiya tana zubar da shi cikin fitsari kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. In jini ya yi ƙaranci, tilas zuciya ta ƙara sauri don ta wadatar da jiki, mutum ya riƙa jin bugunta har cikin kunne. Yaron Wara ko na Shanga da ke fitsarin jini, idonsa ya yi fari, yana haki in ya yi gudu, ba girma ba ne ya zo masa kamar yadda a kan ce. Ciwo ne, kuma yana da magani. Mai maƙoƙo wanda ke ramewa, hannunsa yana rawa, yana yawan zufa, shi ma a auna shi.

Maganar masu jego ita ce ta fi nauyi. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Zariya suka bayyana wani ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, wanda ya yi yawa a ƙasar Hausa. A lokacin sun ɗora zargi kan yawan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa, ko da ya ke binciken baya ya nuna ƙarancin abinci mai gina jiki da hawan jini su ma da hannunsu. Mace mai jego in ta ce gabanta yana faɗuwa, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya rigingine sai numfashi ya sarƙe, maigida kada ya jira a gama arba'in. A kai ta asibiti ran nan.

Ga namiji da mace duka, in faɗuwar gaba ta zo da jiri, ko suma, ko ciwon ƙirji, ko haki, ko kuwa ta kan tsananta in ana aiki mai ƙarfi, ko a dangi an taɓa samun matashi ya faɗi ya rasu farat ɗaya, to, ta wuce ta goro. Mai irin wannan kada ya shiga jirgi shi kaɗai, gama suma a tudu dabam, suma a tsakiyar tafki dabam. Ya tafi Babban Asibitin Yauri, in ta kama a tura shi Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Sakkwato. Akwai na'ura mai zana bugun zuciya a takarda, ana ce da ita ECG, ba ta ciwo, ba ta huda jiki. Akwai kuma wadda a ke rataya wa mutum awa 24 tana ƙirgawa, domin in bugun da ke riga lokaci ya kai goma cikin ɗari, yau da gobe ya kan iya raunana zuciya.

Wanda zai tafi ya riƙe dukan magungunan da ya ke sha, na kanti da na gargajiya, ya nuna wa likita. Ya kuma faɗa masa goro nawa ya ke ci a yini, da lokacin da abin ya fi zo masa, ko yana aiki ne ko yana kwance.