Hanyar Jami'a Tun Daga Aji Uku Ta Ke Farawa

Jawabin da Akawun Jam'iyya ya yi wa 'yan kasuwa da sauran 'yan'uwa a ofishin reshe

 Maganar yau ta 'ya'yanku ce waɗanda ke sakandare, da yadda za a nuna musu hanyar shiga jami'a.

Kowace shekara, da zarar jami'o'i sun fara fid da sunaye, sai ku riƙa zuwa mana da takardu a hannu, kuna cewa, "Malam Akawu, yaron nan ya ci maki 250, amma ba a ba shi gurbi ba, ko ka san wani babba?" To, in muka zauna muka duba takardun, sau da yawa sai mu iske ba rashin babba ne ya kā da yaron ba, ba kuwa rashin ƙwaƙwalwa ba. Wani ya rubuta darasin da bai dace da kwas ɗin da ya nema ba. Wani sunansa a katin ɗan ƙasa daban, a takardar WAEC daban. Wani ma an ba shi gurbin, bai san ana shiga a karɓa ba. Ɗan mai hali ba ya faɗa wa irin waɗannan ramuka, domin yana da wa ko kawu wanda ya bi hanyar, makarantarsa kuwa tana da malami wanda aikinsa ke nan. Ɗan mai tireda da ɗiyar mai ƙosai fa, wa ke nuna musu? Tun 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta yi alkawarin a sa malamai masu ba da shawara a makarantun gaba da firamare. Muna tambayarku, a cikinku wa ya taɓa ganin irin wannan malami a makarantar ɗansa, yana zaune da yara yana wannan aiki?

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, kayan koyar da wannan hanya yawancinsu kyauta su ke. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 don ta riƙa shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, tana da wani kundi a shafinta na intanet. A cikinsa an jera kowane kwas, da jami'o'in da ke koyar da shi, da darussan da za a rubuta a jarrabawa, da kiredit ɗin da a ke bukata daga WAEC ko NECO ko NABTEB. Wannan kundi shi ne uwar kayan aikin duka, amma yawancin yaranmu ba su taɓa buɗe shi ba. Sai ranar rajista mai buga kwamfuta ya tambayi yaro, "Wane kwas?" Yaro ya ce likita, don shi ne sunan da ya fi ji a gida, a cika masa fom a sallame shi.

Ga kaɗan daga abin da kundin ke cewa. Jarrabawar darussa huɗu ce, Turanci dole ne ga kowa, sauran uku kuwa kwas ne ke zaɓa wa yaro, ba shi ke zaɓa ba. Mai neman likitanci zai rubuta Fizis da Kemistiri da Bayoloji. Mai neman injiniya zai rubuta Lissafi da Fizis da Kemistiri. Mai son aikin akanta sai da Lissafi da Tattalin Arziki. Mai son lauya, yawancin jami'o'i za su nemi ya zo da kiredit a Adabin Turanci, ga shi kuwa akwai makarantu da dama da ba su da malamin wannan darasi sam. Ana neman kiredit biyar, waɗanda aka samu a zama ɗaya ko biyu, wasu jami'o'in ma a kwasa-kwasan da a ke rububi ba su karɓar sai na zama ɗaya.

Ku lura da abin da wannan ke nufi. Ranar da yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare aka raba su, wannan ajin kimiyya, wancan ajin kasuwanci, wancan na adabi, a ranar nan aka buɗe masa wasu ƙofofi aka rufe wasu, yana ɗan shekara 14 ko 15. In bai ɗauki Kemistiri ba tun daga nan, to, bayan shekara uku ko ya ci maki 350 ba mai ɗaukarsa likitanci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu da muka yi makarantar mishan, abin da muka fi ƙaruwa da shi ba wani sirri ba ne, malami guda ne ya kan zaunar da mu kafin a raba aji, ya karanta mana sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya, ya aike mu gida da takarda iyaye su gani. Ba abin da zai hana a yi haka a makarantar gwamnati ta unguwarku. Kuɗin buga shafukan kundin da suka shafi jami'o'in kusa da mu bai kai ribar wuni guda ta wasunku ba. A buga, a kai wa shugaban makaranta, a roƙe shi a manna a allon sanarwa, a kuma ware wa 'yan aji uku awa guda.

Bayan kundi sai manhaja, watau jerin abubuwan da za a yi tambaya a kansu a kowane darasi, ita ma kyauta ce a wuri guda. Akwai kuma littafin labari da hukumar ke sa wa masu jarrabawar Turanci, wanda a kan sauya bayan 'yan shekaru, saboda haka kada a dogara ga wanda wan yaro ya bari sai an tabbata shi ne na bana.

Sa'an nan kwamfuta. Tun 2015 aka daina wannan jarrabawa da fensir da takarda. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 ga kowane darasi na sauran ukun, jimlar maki 400. Ba a bukatar yaro ya zama gwani, maɓallai kaɗan ne, A da B da C da D na amsa, N na ci gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Amma yaron da bai taɓa zama gaban na'urar ba sai ranar nan, hannunsa na rawa, agogo na tafiya, zai zubar da makin da ya sani. Ku ne masu adashi, ba sai mun koya muku ba. In 'yan layin atamfa ko na hatsi suka haɗa kuɗi suka sayi tsohuwar kwamfuta biyu ko uku, aka sa musu tambayoyin shekarun baya, aka ajiye a hannun amintaccen malami, yaran layin duka za su sami wurin gwaji.

Yanzu ga maganar rajista, a nan ne kuwa a ke cin kuɗinku a banza. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN. Yaro zai aika lambar ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, a aiko masa da lambar shaidarsa, kuma layin wayar nan ya zama nasa ne shi kaɗai, a adana shi har ya gama karatu, don ta nan saƙonnin hukuma za su riƙa zuwa. Sunan da ke NIN shi hukuma za ta ɗauka, saboda haka in an rubuta Mohammed a nan, Muhammad a can, ko ranar haihuwa ta saɓa, a gyara tun yaro yana aji biyar. Ba a rajista a kowane shagon intanet, sai a cibiyoyin da hukuma ta amince da su. A 2025 kuɗin ya kama naira 7,200, ko 8,700 ga mai son jarrabawar gwaji, a kan kuwa sanar da kuɗin kowace shekara a fili, duk wanda ya ce ku ƙara masa wani abu don ya "gyara" maki, ɓarawo ne. Iyayenmu mata, wannan taku ce: ana ɗaukar zanen yatsu ranar rajista da ranar jarrabawa, hukumar kuwa ta sha yin gargaɗi cewa lalle yana hana na'ura karanta yatsa. Ko da bikin wa a ke yi, a bar yatsun yarinya fari har ta gama.

Zaɓen jami'a shi ma da ilminsa. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki ko daga ina su ke, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lasafta suna baya a ilmin boko, irin su Jigawa da Yobe da Zamfara da Sakkwato. Ashe ke nan ɗan Kano da ya nemi Jami'ar Bayero yana da ƙofar da ba zai samu ba in ya nemi Ibadan. Kada kuma ƙaramin makin da a ke sanarwa ya ruɗe ku. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin ilmi da na fasaha, amma wannan ƙasan rijiya ne kawai, kowace jami'a tana ɗora nata a kai, ta kuma yi nata tantancewar. A shekarar nan yara wajen miliyan 1.9 suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. A cikinta ne kuma iyaye da malamai suka ta da murya, aka bincika aka iske kuskuren na'ura ya shafi yara kusan 380,000 a Legas da kudu maso gabas, shugaban hukumar Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya nemi gafara, aka sake musu jarrabawa. Waɗanda suka san abin da yaransu suka iya su ne suka iya cewa makin nan ba daidai ba ne.

In sakamakon WAEC ko NECO ya fito, lalle a koma cibiya a ɗora shi a shafin hukuma, in ba haka ba ba za a duba yaro ba. Tun 2017 kuwa duk wani gurbi ta tsarin da a ke kira CAPS ya ke fitowa, yaro ne zai shiga da kansa ya danna ya karɓa. Gurbin da wani ya samo muku ta bayan gida, wanda bai bi ta nan ba, zai iya hana yaro zuwa bautar ƙasa bayan ya ɓata shekara huɗu da kuɗinku.

Wanda bai samu ba bana, kada a ce ya tafi ke nan. Akwai IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke gudanarwa, akwai NCE, akwai difloma, duka a kan shiga jami'a da su kai tsaye a aji biyu. Mai tsoron kuɗin makaranta kuwa ya sani tun 2024 akwai asusun NELFUND mai ba ɗaliban makarantun gwamnati rance ba ruwa. Bashi ne dai, sai a karanta sharuɗɗansa kafin a sa hannu.

Abin da muka shirya a nan ofis shi ne, mun buga shafukan kundin da manhaja, mun kuma buɗe littafi guda, kowane yaro da shafinsa: sunansa yadda ya ke a NIN, ajinsa, darussansa, kwas ɗin da ya ke so, da abin da ya rage masa. Malamai biyu daga cikin 'yan'uwanmu sun yarda za su riƙa zama kowace Asabar bayan la'asar. Ba mu tambayar katin jam'iyya, ɗan maƙwabcinku ma ku zo da shi. Za mu fara da 'yan aji uku da 'yan aji shida. Kowane yaro ya zo da takardar NIN, da takardar haihuwa, da sakamakon zangon da ya wuce, uba ko uwa ko wa kuwa ya rako shi, don akwai tambayoyin da sai babba zai amsa. Wassalam.