Jikin Manomi Ma Inji Ne



Batunmu a yau shi ne ilmin motsin jiki, watau nazarin ƙashi da tsoka da irin lissafin da mu ke yi wa injuna. Tun 1680 Giovanni Borelli, mutumin Italiya, ya nuna cewa gaɓoɓin mutum tamkar jigo su ke aiki. Mun haddace wannan a aji, amma gani ya kori ji.

Mu dubi manomin fadama a Kirikasamma. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin Haɗejiya ta sauya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Dole mutane su shiga ruwa a duƙe, su yanke ta, su ɗauke ta. Tsokar baya kuwa kamar santimita 5 kaɗai ta ke daga tsakiyar ƙashin baya. In mutum ya ɗaga dami mai kilo 20 a nisan santimita 50 daga ƙugunsa, sai tsokar nan ta ja kilo 200, ban da nauyin jikinsa. Ina mamakin ciwon baya?

Saboda haka roƙonmu ga malamai shi ne a kai mu ɗakin gwaji. A kawo lauje da garma daga fadama, a ba mu sikeli da tef, mu auna, mu sake tsawon ƙota, mu kuma aunawa. Injiniyan da bai taɓa auna wahalar manomi ba, yaya zai ƙera masa abin sauƙaƙa ta?