Yawun Baki Ma Shaida Ne: Jawabi Ga Masu Ciwon Sukari Na Jega, Aliero Da Maiyama

'Yan'uwa talakawa, masu kasa kaya a kasuwar Jega, da manoman albasa na Aliero, da mutanen Maiyama, yau maganar baki muka zo da ita, musamman bakin mai ciwon sukari.

Da yawa daga cikinmu in mun yi asuwaki sai mu ga jini a jikin itacen, mu ce ƙarfi muka sa. In baki ya yi wari, mutumin Aliero ya ɗora wa albasa laifi. Mai cin goro kuwa ko jinin ba ya lura da shi, don jan goro ya rufe. To, sau da yawa wannan ciwon dasashi ne, wanda ke cin nama da ƙashin da suka riƙe haƙori, ba zafi ba zogi, har ranar da haƙori zai soma girgiɗa. Likitoci sun lissafa cewa mai sukari ya fi mai lafiya kamuwa da shi kamar sau 3. A 1993 wani masanin haƙori, Harald Löe, ya kira shi wahala ta shida da ciwon sukari ke jawowa. Kuma abin ba ta gefe ɗaya yake tafiya ba: sukari ya lalata dasashi, kumburin dasashi kuma ya hana sukari sauka.

Ina ruwan yawu a nan? Ku tauna burodi ku daɗe ba ku haɗiye ba, za ku ji ya soma zaƙi. Wani sinadari ne cikin yawu yake narkar da shi, irin wanda masana ke kira enzayim. Irinsa suna da yawa. In dasashi na rubewa, waɗansunsu sai su malalo daga naman da ya lalace su ƙaru cikin yawu, kamar AST da ALP da LDH. Akwai kuma MMP-8, wanda ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta suke saki, shi ne mai tsinka zaren naman da ya ɗaure haƙori. Masana a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland sun fito da awonsa: mutum ya kurkure baki, a ɗiga ruwan kan ɗan tsinken awo, cikin 'yan mintoci a ga sakamako. Ba allura, ba ɗibar jini.

Amma fa kada a ruɗe mu. Yawu shaida ne, ba alƙali ba. Shan taba da waɗansu cututtuka kan canza shi, don haka dole likitan haƙori ya duba baki da kansa.

Muna da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, ga kwalejin kiwon lafiya a Jega. Muna roƙon malamansu da ɗalibansu su gwada wannan awo kan mutanenmu, a san amfaninsa a nan gida. Kafin nan, duk mai sukari in ya je awon jini, ya buɗe baki ya ce wa malamin asibiti, "Malam, a duba mini dasashi." An tabbatar cewa kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora yana rage sukarin jini cikin wata 3 zuwa 4. Ragin ba mai yawa ba ne, kuma ba ya maye gurbin magani, amma ga wanda ke sayen ƙwaya da kuɗin albasarsa, kaɗan ɗin ma riba ce.