Bindigar da ke tashi ba a taɓa kunamarta ba

Tun da matsalar 'yan bindiga ta addabi gabashin Sakkwato, bindiga ta yawaita a hannun 'yan banga da 'yan sa-kai. A Amarawa da Illela, kan hanyar Birnin Ƙonni, za ka ga mutum bisa babur, ya soke ƙaramar bindiga a ƙugu ko a aljihun riga.

Abin da ke damuna shi ne harsashin da aka bari a baki. Idan bindigar ta suɓuce ta bugi ƙasa, girgizar kaɗai na iya sa allurarta ta soki gindin harsashi, sai ta tashi, kuma duk inda bakinta ya kalla nan harsashin zai tafi. Ko a Amurka, a 2017, an gano bindiga ƙirar SIG Sauer P320 tana iya tashi idan ta faɗi ta wani ɓangare, har kamfanin da ke ƙera ta ya buɗe shirin gyara ta kyauta. To, ina ga wadda maƙeri ya ƙera a gida, babu makulli, babu gwaji? Ku tuna da cunkoson kasuwar Illela ranar Lahadi, mata da yara ko'ina.

A ƙasar nan, dokar makamai ta 1959 ta haramta riƙe irin wannan bindiga ba da lasisi ba. Wanda kuma aiki ya ba shi izini, ya sa ta cikin kube mai rufe kunama, ya cire harsashi kafin ya hau babur ko ya sunkuya alwala. In ta suɓuce, kada ya kai hannu ya cafe ta, domin yatsa kan faɗa kan kunama.