Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu Kan Matauna Na Ƙarshe

Yaro yana da haƙora 20. Su kan fāɗi ɗaya bayan ɗaya, waɗansu su maye gurbinsu, har su kai 32 a bakin babban mutum. Huɗu daga cikinsu su ne matauna na ƙarshe, biyu sama, biyu ƙasa, can ƙuryar baki. Yawanci su kan fito tsakanin shekara 17 da 25, lokacin da mutum ya mallaki hankalin kansa. Saboda haka ne Turawa suke kiransu haƙoran hankali. Akwai mutanen da nasu ba su fitowa ko kaɗan, wannan kuwa ba ciwo ba ne.

Inda wahalar take

Da yake su ne auta, sau da yawa su kan tarar sauran haƙora sun cika muƙamuƙi. To, sai haƙorin ya karkace, ko ya kwanta ya toƙare maƙwabcinsa, ko ya leƙo rabi, dasashi ya rufe sauran. A ƙarƙashin wannan ɗan dasashi ne guntayen abinci suke maƙalewa, inda asuwaki ba ya kaiwa. Nan ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, wurin ya kumbura, ya yi mugunya, baki ya riƙa wari. Wani lokaci har maƙwabcin ya ruɓe. Babu wata tsutsa cikin haƙori kamar yadda ake faɗi. Ƙwayoyin cuta ne waɗanda ido ba ya gani.

Jama'a su kan raina ciwon haƙori, su ce zai wuce. Gaskiya ne ya kan lafa, amma ya kan komo, kuma wata rana ba ya tsayawa a baki. Mugunyar mataunin ƙasa ta kan gangara ƙarƙashin haɓa, ta tura harshe sama, ta matse hanyar numfashi. Wani likita na ƙasar Jamus, Ludwig, shi ya bayyana wannan kumburi a 1836, har yanzu da sunansa likitoci suke kiransa. Yana iya kashe saurayi ƙaƙƙarfa cikin 'yan kwanaki.

Alamun da ba su jiran gobe

1. Baki ya ƙi buɗuwa, har yatsa biyu ba su shiga tsakanin haƙora.
2. Kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa da wuya, ko ya haura wajen ido.
3. Haɗiyar miyau ko numfashi ya yi wuya.
4. Zazzaɓi mai zafi tare da kumburin.

Wanda aka ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinsa, lalle a kai shi babban asibiti a ran nan, ko da dare ne. Kada a tsaya jiran ranar kasuwa don samun mota.

Aikin likita

Ba kowane matauni ake cirewa ba. Wanda ya fito daidai, ba ya ciwo, ana iya tsabtace shi, sai a bar shi. A Ingila ma tun shekarar 2000 aka shawarci likitoci su daina cire lafiyayyu don tsoron abin da bai faru ba. Wanda ake cirewa shi ne mai yawan kumbura, ko ruɓaɓɓe, ko mai ɓata maƙwabcinsa. Ƙwayoyin magani su kan kwantar da kumburi, amma ba su gyara haƙorin da ya kwanta.

Likita ya kan ɗauki hoton muƙamuƙi tukuna, domin saiwar mataunin ƙasa tana kusa da jijiyar da ke ba leɓe ji. In aka raunata ta, leɓe ya kan mutu na wani lokaci, wani sa'i ma har abada. Kāna ya yi allurar da ke kashe zafin wurin. In haƙorin ya nutse, ya kan tsaga dasashi, ya raba haƙorin gida biyu ko uku, ya fid da shi, ya ɗinke. Mai juna biyu, da mai ciwon sukari, ko hawan jini, ko sikila, da wanda jininsa ba ya saurin tsayawa, su gaya wa likita tun kafin ya fara.

Mai cire haƙori a kasuwa ba shi da hoto, ba ya ganin abin da ke cikin ƙashi. Ya kan karya haƙori ya bar saiwa, kuma awartakin da ba a dafa ba ya kan ɗauki ciwon hanta daga bakin wani zuwa na wani. Haka nan ruwan batir da fetur ƙona dasashi kawai suke yi. Kanumfari ya kan rage zogi kafin a isa asibiti, amma ba ya warkarwa.

Bayan an cire

A danne audugar da likita ya sa har wajen rabin sa'a. Gudan jinin da ya daskare cikin ramin shi ne murfinsa. In ya fita, ƙashi ya kan zauna a buɗe, zogi mai tsanani ya taso bayan kwana biyu zuwa huɗu. Don haka ranar farko kada a kurkure baki da ƙarfi, ko wajen alwala ma a bi a hankali. A ajiye taba da goro. A sha kunu mai ɗumi, ba mai zafi ba. Kashegari a soma kurkurawa da ruwan ɗumi, rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi guda. In jini ya ƙi tsayawa, a koma wurin likita.

Abin da ake roƙo

Talaka ya fi jin maganar da ta fito daga bakin ubangidansa. Ana roƙon hakimai su sa malamansu su rubuta alamun nan huɗu, a aika wa dagatai da masu unguwa, a karanta su a bainar jama'a. Malamai kuma su binciko asibiti mafi kusa mai likitan haƙori, da ranakun da yake zama, domin wanda ya zo tambaya ya sami amsa nan take.

Allah ya ja zamanin sarakuna, ya ba jama'arsu lafiya. Amin.