Me Ya Sa Jiki Ke Ƙin Ƙodar Wani?

Zuru garin sojoji ne, don haka aikin mai tsaron shinge ba baƙon abu ba ne a nan. Jikin mutum ma yana da nasa masu tsaron, wato fararen ƙwayoyin jini da likitoci ke kira T, kuma shaidar da suke dubawa sunanta HLA.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jiki tana ɗauke da wannan shaida a bayanta, riƙe da ɗan guntun abin da ke cikinta. Ƙwayar T kan laluba shaidar da guntun tare. Tun tana ƙarama aka horar da ita a wata gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, aka kawar da duk wadda ke kai wa na gida hari. In ta taɓa shaidar da ba ta sani ba, sai ta far mata, ko da ƙodar ceton rai ce. Akwai ma wasu masu tsaron, NK, da ke farautar ƙwayar da ta ɓoye shaidarta gaba ɗaya.

Gadon wannan shaida ake yi, rabi daga uwa, rabi daga uba. Shi ya sa dashen ƙodar da ya fara ɗorewa, a Amurka a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi. Shaƙiƙai kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, damar su dace ɗari bisa ɗari ɗaya ce cikin huɗu. Ɗan uba, yawanci rabi ne iyakarsa. To, in gwaji ya nuna ƙane bai dace da yayansa ba, zarginsa da rowa ko mugun nufi zalunci ne. Ba shi ya zaɓi abin da ya gada ba.

Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002, kuma a 2011 aka yi wa mai sikila dashen ɓargo a birnin Benin, dashen da buƙatar dacewa ta fi tsanani a cikinsa. Wanda aka yi wa dashen ƙoda zai ci gaba da shan maganin kwantar da garkuwar jiki muddin ƙodar na aiki. Ya daina don ya ji sauƙi, jikinsa zai juya mata baya. Sayar da ƙoda kuma, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta shi, komai kuɗin da dillali ya ambata.